Palermo: ayar da ta saura a jikin ginshiƙi

Duk baƙon da ya tsaya a ƙofar babbar majami'ar Palermo, babban birnin tsibirin Sisiliya na ƙasar Italiya, zai tarar da wani ginshiƙi da aka sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa. Dalilin haka yana cikin tarihi. Musulmi sun ci birnin a shekara ta 831, suka mai da majami'ar da ke wurin masallacin Juma'a, suka riƙe mulki har 1072, lokacin da Normanawa Kirista suka ƙwace shi.

Sababbin sarakunan ba su kori malamai da masu sana'a ba. Sarki Roja na Biyu ya gina majami'ar fadarsa, Kapela Palatina, aka keɓe ta a 1140. Bangayenta sun sha adon ƙananan gilasai masu ruwan zinariya irin na Rumawa, rufinta na katako kuwa sassaƙa ce irin ta ƙasashen Musulmi, da rubutun Larabci a kewaye. A wannan fada ce al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, inda ya ambaci Kawar da Kanem.

Sai dai zaman bai ɗore ba. A ƙarni na 13, bayan tawaye, Sarki Firedirik na Biyu ya kwashe Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera. A 2015 UNESCO ta sa gine-ginen cikin kayan tarihin duniya. Ana kallon aikin hannun magina har gobe, amma zuriyarsu ba ta samu wurin zama kusa da shi ba.