Shanun Dutsen Habude da Ɗawainiyar Masu Bincike

A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, kudu da Dutse, akwai duwatsun da suka girmi duk wani tarihin da aka rubuta a wannan yanki. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, mutanen dā sun bar zanen dabbobi, galibi shanu. Wanda ya ƙura musu ido zai lura da abin mamaki: shanun masu dogayen ƙahoni ne, amma ba su da tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke kiwo a yau. Kusa da zanen kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Ramukan da ke jikinsu shaida ce ta hannuwan da suka daɗe suna bugu.

Mutanen gari sun san wuraren tun kaka da kakanni, amma labarinsu bai shiga littattafan masana ba sai a shekarun 1950, ta hannun Bature Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Fagg ya iya wannan aiki ne saboda akwai hukumar da ke biyansa albashi, ta ba shi lokaci. Bincike ɗawainiya ne, kuma sai da mai ɗaukar nauyi.

Arewa ta taɓa gane haka. A 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, aka shiga gari-gari ana tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami. A 1970 kuma aka mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar adana tarihi. Daga wannan makaranta ta Abdullahi Smith aka samu irin su Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin Katsina.

A wasu ƙasashen, jama'a ne da kansu suka riƙe wannan nauyi. 'Yan asalin Sikotilan mazauna birnin New York na Amurka sun kafa ƙungiyar Saint Andrew a 1756 don agaza wa 'yan'uwansu mabuƙata. Daga baya ƙungiyar ta shiga biya wa ɗalibai karatun gaba da digirin farko a jami'o'in ƙasarsu ta asali. A 1901 attajiri Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 don jami'o'in Sikotilan, a 1951 kuma Jami'ar Edinbara ta buɗe sashen da ke naɗar waƙoƙi da tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi. Sun ɗaura karatun ɗa da rayuwar al'adar ubansa.

Jigawa ba ta rasa tubalin irin wannan gini ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, ta samu Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan mutane, har da Alhaji Aliko Ɗangote, kuma tsofaffin ɗalibanta suna da ƙungiya. Masarautar Dutse, a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi da ya rasu a 2023, ta yi suna wajen tsara zakka da waƙafi. Gwamnati na tura ɗalibai karatun likita a ƙasashen waje, abin a yaba ne.

Abin da ya rage shi ne gurbin karatu na musamman ga mai son nazarin tarihi, ko kimiyyar tono kayan dā, ko kiɗan fada da na noma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai za su iya biya wa ɗalibi ɗaya ko biyu digiri na biyu duk shekara, da sharaɗin ya yi bincikensa a gida. Tsofaffin da suka san bukukuwan da ake yi a gindin waɗannan duwatsu suna ƙarewa, don haka aikin na gaggawa ne.