Tarihin tazarar da ake bari tsakanin jiragen sama wajen sauka

Maniyyatan da ke barin Dogon Dutsi da Tibiri kowace shekara, su bi babbar hanyar da ta ratsa Dosso zuwa filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, manyan jirage ne ke kwasar su zuwa ƙasa mai tsarki, inda jirage ke sauka ɗaya bayan ɗaya a lokacin aikin hajji. Tsakanin kowane jirgi da mai bi masa akwai tazarar kilomita da dama wadda doka ta wajabta, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a san gwargwadonta.

Dalilin tazarar shi ne guguwar fikafikai, wato iskar da jirgi ke barowa tana murɗawa a bayansa. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda matsin iskar da ke ƙarƙashinsa ya fi na samansa, don haka a ƙarshen kowane fiffike iskar ƙasa takan kewayo sama ta nannaɗe, a sami guguwa biyu masu juyawa saɓanin juna. Sun yi kama da guguwar rani da ke tashi a gonakin Arewa, sai dai su a kwance suke, ido ba ya ganin su, kuma sukan yi minti biyu ko uku suna gangarowa sannu a hankali kafin su mutu. Sun fi ƙarfi idan jirgi yana da nauyi kuma ya rage gudu, wanda shi ne halinsa lokacin sauka, sa'ad da jirgin baya ba shi da isasshen nisa daga ƙasa da zai gyara zamansa in ya karkace.

Frederick Lanchester na Ingila ya bayyana wannan murɗawa a littafinsa na 1907, Ludwig Prandtl na Jamus kuma ya kafa lissafinta a wajajen 1918, amma ba a ɗauke ta babbar barazana ba sai da Boeing 747 ya fara jigilar fasinja a 1970. Ranar 30 ga Mayu, 1972, wani jirgin DC-9 na kamfanin Delta da ke atisayen sauka a Fort Worth ta Amurka ya faɗa cikin guguwar wani DC-10, ya kife, mutum 4 da ke ciki suka rasu, abin da ya sa hukumomin Amurka suka ƙara tazarar da ake bari bayan manyan jirage. A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a Santa Ana bayan Boeing 757, mutum 5 suka halaka, aka gane cewa guguwar wannan jirgi ta fi abin da girmansa ke nunawa. Ranar 4 ga Nuwamba, 2008, wani ƙaramin jirgi samfurin Learjet ya matso kusa da Boeing 767 suna shirin sauka a birnin Meziko, ya rikito kan titi, ya hallaka duk waɗanda ke ciki, har da ministan cikin gida Juan Camilo Mouriño, tare da mutanen da ke ƙasa.

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa jirage bisa nauyi: mai tan 136 ko fiye babba ne, mai tan 7 ko ƙasa da haka ƙarami ne, saura kuma matsakaita. Babban jirgi yana barin kimanin kilomita 7 bayan ɗan'uwansa babba, matsakaici kilomita 9, ƙarami kilomita 11, kuma da Airbus A380 ya fara aiki a 2007 aka ƙara tazarar da ake bari a bayansa.

Kiyaye wannan doka a sararin samaniyar Nijar yana hannun ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959, wadda makarantarta ta EAMAC da ke Yamai take horar da masu ba jirage umarni daga ƙasashen Afirka da dama, kamar yadda kwalejin fasahar jiragen sama ta Zariya ke yi wa Najeriya tun 1964. Cunkoson filayen jirgi yana matsa wa hukumomi su rage tazarar, har filin Heathrow na Landan ya koma auna ta da lokaci maimakon nisa a 2015, domin iska mai ƙarfi tana saurin watsa guguwar. Filin da ba shi da na'urorin auna iska irin na Heathrow kuwa, kariyar fasinjojinsa tana kan horon ma'aikacin hasumiya da biyayyar matuƙi, shi ya sa kuɗin da ƙasashen Sahel ke kashewa kan waɗannan makarantu ya cancanci a riƙa lissafa shi cikin kuɗin tsare rayukan matafiya.