KARE MAI CIZO DA TARIHIN LIKITAN DABBOBI A GABASHIN SAKKWATO

Jama'a, tun da matsalar tsaro ta tada ƙauyuka a yankin Rabah, Goronyo da Wurno, akwai abin da ba mu cika magana a kai ba: karnukan da aka gudu aka bari. Bayan harin Tabanni a gundumar Gandi a 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da wasu da yawa, mutane sun yi ƙaura. Wasu karnukan sun biyo masu su cikin gari, wasu sun koma yawon juji. Karen da ya sha yunwa da jifa da ƙarar bindiga kuwa, tsoro yake cikinsa, kuma tsoro ke sa kare cizo.

Kare ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, mafarauta da makiyaya na kwarin Rima suna da karnuka. Littattafan Malikiyya da muka karanta a zaure, irin su Risala, sun yarda a ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona. Masanin kare a wancan zamani shi ne maharbi, ƙarƙashin Sarkin Baka. Shi ka ɗauko kwikwiyo tun yana ƙarami, ya saba da shi da mutane da bisashe, ya san wanda zai yi farauta da wanda matsoraci ne. In kare ya fara kai wa yara hari, wurinsa ake zuwa.

Da Turawa suka zo, sun kafa sashen kula da dabbobi a Zariya, daga baya aka mai da cibiyar Vom a ƙasar Filato a 1924. Amma fa saniya suka zo ceto. Ciwon bushiya ya taɓa share garken Fulani a ƙarshen ƙarni na 19, kuma saniya ce ke kawo jangali, jar akuyar Sakkwato ke kawo fatar da ake kai wa Ingila. Kare ba ya kawo ko ahu. Don haka malamin dabbobi da munka sani tun muna yara, mai allurar shanu ne da duba nama a mahauta. An yi nasara a kan bushiya, har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. Kare kuwa aka bar shi tsakanin maharbi da sanda.

Abin da ya sa hukuma ta waiwayi kare shi ne ciwon hauka. Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro allurar farko a 1885 ya rayu, kuma Vom ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka a nan gida. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

To ga inda gizo ke saƙa. Mu a nan duk karen da ya yi cizo sunansa mahaukaci. Alhali iri biyu ne. Akwai mai tsoro: zai noƙe wutsiya, ya kwantar da kunne, ya ja da baya yana gurnani, sai an matsa masa yake kai baki. Duka da ɗaure shi a rana ƙara masa suke yi. A Amurka da Turai an mai da gyaran halin irin wannan kare fanni guda a likitancin dabbobi, ana saba masa da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan ana ba shi abinci, wani lokaci har da magani. In ka duba, rabin wannan mafarautanmu sun san shi tuntuni. Akwai kuma mai ciwon hauka na gaske: halinsa zai sauya farat ɗaya, yawu na zuba, yana cizon itace da dutse, cikin 'yan kwanaki ya mutu.

Ana rarrabe su da kwana 10. A killace karen a ba shi ci da sha. In ya kai kwana 10 lafiya lau, bai saka wa wanda ya ciza cutar ba. In an kashe shi nan take an jefar a rafi, shaidar ta tafi. Wanda aka ciza kuwa kada ya jira: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a fara allura ranar. Ƙona gashin karen a shafa a ciwo ba ya kashe ƙwayar cutar, wallahi.

Ni dai a matsayina na ma'aikacin gwamnati, abin da nake gani mai yiwuwa ne bai fi uku ba. Kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ta yi ɗakin killace kare a ofishin dabbobinta. A riƙa yi wa karnuka allura duk shekara, domin masana sun ce in aka kai kashi 70 cikin 100 cutar na yankewa. Ga ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don haka. Sannan tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta zauna da sarakunan baka da 'yan sintiri, tunda su ke riƙe da karnukan, a haɗa ilimin boko da na dawa. Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Wanda ke da kare a gida, don Allah yaushe rabon da a yi masa allura? Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya ba mu zaman lafiya. Amin.