Samba le grand: Tarihin Fim da Karɓuwarsa

Samba le grand, wato Samba Mai Girma, gajeren fim ne na almara wanda Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar, ya shirya a shekarar 1977, kuma ana yawan ambatonsa a matsayin fim na farko mai launi da aka yi a Afirka a fannin zane mai motsi, wanda jama'a suka fi sani da katun. Tsawonsa bai wuce minti 14 ba, kuma da 'yan tsana aka yi galibinsa.

An haifi Alassane a N'Dougou a 1942, ya kuma fara da aikin kanikanci, yana nishaɗantar da mutanen garinsu da wasan inuwa, inda yakan haska fitila a bayan siffofin da ya yanka. Haɗuwarsa da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya finafinan al'adu a Yamai, ita ce ta buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya ƙaru da Norman McLaren, gwanin wannan fanni. Wasu daga cikin finafinansa na farko na habaici ne ga masu mulki: La Mort de Gandji ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966, shi kuwa Bon voyage Sim, na shekarar 1966, ya nuna kwaɗo a matsayin shugaban ƙasa mai son ƙasaita.

A Samba le grand sai ya koma ga tatsuniya. Labarin wani jarumi ne da kyan wata gimbiya ya ɗauke wa hankali, ya nemi aurenta, ita kuma ta yi ta gindaya masa sharuɗɗa, duk wanda ya cika sai ta ƙaro wani, har ya zamana mutuwa ce kaɗai ta haɗa su. Dabarar aikin tana bukatar haƙuri matuƙa, domin sai a ajiye 'yar tsana a ɗauki hoto guda, a ɗan gusa hannunta ko ƙafar dokinta a sake ɗauka, ga shi kuma hoto 24 ne ke cika daƙiƙa ɗaya a majigi. Saboda haka tafiyar mahayan takan fito da ɗan tsalle-tsalle, sawun hannun mai aikin yana bayyane a tufafi da fuskokin 'yan tsanar, salon da ya dace da zubin tatsuniya.

Karɓuwar fim ɗin ta zo sannu a hankali, kuma akasarinta daga ƙetare, kasancewar gajerun finafinai ba su cika samun gurbi a gidajen silima na kasuwa ba, sai a bukukuwa da cibiyoyin al'adu. Alassane ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai tsawon shekara 15, daga bisani ya zauna a Tawa, inda ya ci gaba da aiki a ɗakin shirya fim da ya kafa. Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a 2007, aka kuma yi fim kan rayuwarsa a 2009. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kuma a 2017 gidan adana fasahar zamani na MoMA a birnin New York ya shirya nunin ayyukansa, wanda ya sake jawo hankalin masu nazari ga finafinansa na 'yan tsana.