Haƙƙin magada a kuɗin fanshon ma'aikacin da ya rasu

Ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo a Najeriya, idan ya rasu yana bakin aiki, kuɗi iri biyu yake bar wa iyalinsa, kuma kowanne da hanyar karɓarsa. Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ita ce ta shimfiɗa su, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ke sa ido.

Na farko shi ne abin da ya taru a asusun ajiyarsa na ritaya: kashi 8 cikin 100 da ake cira daga albashinsa duk wata, da aƙalla kashi 10 da wurin aikinsa ke zubawa, haɗe da ribar da kuɗin suka haifar. Na biyu inshorar rai ce da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikatansa, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Wannan ta biyun iyalai da yawa ba su ma san da ita ba. Idan ma'aikatar ba ta yi inshorar ba, doka ta ɗora mata biyan kuɗin daga aljihunta.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne batun sunan makusanci da ma'aikaci ke rubutawa a fom ranar da ya buɗe asusu. Mutane na ɗauka wanda aka rubuta ɗin shi ne magaji. Ba haka ba ne. Shi dai mutum ne da za a tuntuɓa. Kamfanin da ke kula da asusun ba zai saki ko kwabo ba sai an kawo wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci, tare da shaidar rasuwa. Ga Musulmi, kuɗin asusun na shiga cikin gado ne, a raba wa mata da 'ya'ya da iyaye bisa ƙa'ida. Ƙanen da sunansa ke fom tun mamacin yana saurayi ba shi da ikon riƙe su. Kuɗin inshora kuwa wanda aka ambata a takardar inshorar ake biya, shi ya sa sabunta sunayen bayan aure ko haihuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya rasu bayan ritaya, lamarinsa ya danganta da zaɓin da ya yi. Idan kamfanin fansho ke biyansa wata-wata daga asusunsa, ragowar ta magada ce. Idan kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora don a riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa, lamunin shekara 10 ne: ya rasu a cikinsu, a biya iyali abin da ya saura, ya wuce su, babu sauran abin karɓa.

Sojoji ba sa cikin wannan tsari, haka ma ma'aikatan jihohi irin su Kano da Jigawa, waɗanda ke bin dokokin fansho na jihohinsu.