Mai Masauki da Baƙonsa a Zangon Jugu da Paraku

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayarin fatake ke yada kaya ya kwana bayan tafiyar yini guda, amma a ƙasashen Benin da Togo da Gana, inda ake furta ta zongo, ta koma sunan unguwar da baƙi Musulmi suka zauna har suka hayayyafa. Garuruwan Jugu da Paraku, waɗanda Faransawa ke rubutawa Djougou da Parakou, kowannensu yana da unguwa mai wannan suna, kuma tarihin unguwannin ba ya rabuwa da tambayar da ke gaban kowane matafiyi, wato inda zai sauka da wanda zai tsaya masa idan ya sauka. Iyalin da ke barin waɗannan garuruwa a yau su tafi Kwatano hutun makaranta, su kama hayar gida kusa da bakin teku na kwana biyar ko mako guda, suna cin gajiyar wani tsari na sauka wanda ya sha bamban ƙwarai da wanda ya kafa unguwarsu.

Abin da ya ɗaga darajar garuruwan biyu shi ne fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda ya bunƙasa daga ƙarni na 18 ya kai ƙololuwarsa a ƙarni na 19 bayan kafuwar daular Sakkwato. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da rani, ya ƙetare kogin Kwara ta mashigai irin su Ilo da Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Paraku, ya yada zango a Jugu kafin ya nufi Salaga, babbar kasuwar Gwanja inda goron Asante ke fitowa. Fatake na tafiya da kanwa da turkuɗi da rigunan saƙi da jemammun fatu da dawakai, har da bayi, su dawo da goro a kan jakuna, zuwa da dawowa kuma kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda cur. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya ratsa Bargu a 1826, ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka. Taro mai wannan yawa ba zai shiga gidajen gari ba, shi ya sa sarakuna ke ware masa fili a gefen gari, inda 'yan alaro da masu kora jakuna ke kafa bukkokin ciyawa, madugu kuwa, wato shugaban ayari, ya shiga fada ya kai gaisuwa ya daidaita kuɗin hanya.

A Jugu an raba gari gida biyu tun da daɗewa: Kilir, inda fadar sarki take, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa Musulmi, wadda ta ɗauki sunanta daga Wangarawa, 'yan kasuwar da suka fito daga yamma kafin Hausawa su yawaita a hanyar. A Paraku ma a wancan zamani sarautar ƙasa tana hannun Akpaki, al'amuran baƙi da kasuwa kuwa suna hannun shugaban Musulmi mai laƙabin Baparape. Harshen da ya haɗa waɗannan mutane shi ne Dandanci, wanda dangin Zabarmanci ne, Hausa kuma ita ce harshen ayari da na ciniki mai nisa, kuma har yau mutum yakan ji su biyun suna cakuɗuwa a bakin dattijan Zongo. Denise Brégand, wadda ta wallafa littafi a kan Wangarawan Bargu a 1998, da Paul Lovejoy, wanda littafinsa a kan fataucin goro na Hausawa ya fito a 1980, suna daga cikin waɗanda suka bi diddigin wannan tarihi.

Manyan fatake masu dukiya, irin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka shahara a wannan hanya, ba a fili suke kwana ba, domin kowannensu yana da mai masauki, wanda ake kira maigida, a wasu wurare kuma fatoma. Wannan ne tsarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Maigida yakan ba baƙonsa ɗaki a cikin gida ko a zaure, da wurin ajiyar kaya, da turken dabbobi, matan gida kuma su aiko masa da tuwon dare, ba tare da an yi cinikin kwana ba. Abin da maigida ke samu yana zuwa ne daga la'ada, wato kason da ake cirewa idan an sayar da kayan baƙon ta hannunsa ko ta hannun dillalan da ke ƙarƙashinsa, sai kuma kyautar da baƙo kan bari ranar tashi. Ma'anar wannan ita ce ribar mai masauki tana ɗaure da ribar baƙonsa, don haka ba shi da wata riba a cutar da shi, domin falken da aka zalunta a bana zai sauka a wani gida baɗi, ya kuma gaya wa duk ayarin dalilinsa.

Ɗakin kwana shi ne mafi ƙanƙantar abin da baƙo ke samu. Maigida ne tafintansa a gaban ɗan ƙasa, Barba ko Bayom, da ba ya jin Hausa, shi ne ya san wanda za a ba kaya bashi da wanda ba za a ba ba, kuma idan aka ba da bashin da yawunsa mai saye ya ƙi biya, shi ke ɗaukar nauyi, abin da ake kira lamuni. Idan rikici ya tashi shi ke tsayawa a fada, idan baƙo ya kwanta ciwo gidansa ke jinya, idan ya rasu kuwa shi ke haɗa shi da liman a yi masa sutura, ya adana dukiyarsa har magada su zo ko a aika musu ta hannun madugu. Goro kansa yana bukatar irin wannan gida, saboda kaya ne mai rai wanda ba ya jure sakaci: duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu a inuwa, a baza goron a kan tabarma, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sauya ganyen da ya bushe, sannan a sake ɗaurewa. Falken da ba shi da zaure mai sanyi da yaran da za su taya shi wannan aiki yana iya rasa rabin jarinsa kafin ya ga Kwara. Binciken Polly Hill a Kumasi da na Abner Cohen a Sabon Ibadan a shekarun 1960 sun nuna tsarin yana nan da ransa a cinikin shanu da goro, shekaru da dama bayan ayarin jakuna ya ɓace.

Rushewar tsohuwar hanya ta zo daki-daki. Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, abin da ya raba Salaga da Asante, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Karachi da wasu garuruwa, sannan yarjejeniyar Faransa da Jamus ta 1897 da ta Faransa da Ingila ta 1898 suka yanka hanyar da iyakoki da ma'aikatan kwastan. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas sannan a ɗora shi a jirgi, Jugu ta rage da ƙaramin ciniki. Paraku kuwa ta sami sabuwar rayuwa a 1936, lokacin da layin dogo daga Kwatano ya ƙare a cikinta, ta zama wurin da ake sauke kaya daga jirgi a loda wa manyan motoci masu zuwa Nijar ta Malanbil da Gaya. Baƙin Zongo suka zama direbobi da dillalan shanu da masu albasa da alhazai masu wucewa, kuma da yawansu suka ci gaba da sauka a gidajen da kakanninsu suka saba.

Sauka don hutu kaɗai, ba don ciniki ko ziyara ko neman ilimi ba, sabon abu ne a wannan al'ada, kuma ya fi ƙarfi a kudu, inda gidajen haya masu kayan ɗaki suka yawaita a Fijirose da kan hanyar masunta da ta bi gaɓar teku daga Kwatano zuwa Wida, har zuwa Gran-Popo. A nan ɗakin ne hajar: ana ganin hotonsa a waya, a yi ciniki da dillali ta WhatsApp, a tura kafin alƙalami ta waya, a karɓi makulli daga hannun mai gadi, sau da yawa ba tare da an ga mai gidan ido da ido ba. Tsarin yana da amfaninsa na gaskiya, domin iyali na samun sirri da ɗakin girki nasu, ba sa ɗora wa kowa nauyi, kuma sun san abin da za su biya tun kafin su tashi. Abin da ya ɓace shi ne lamuni, domin ribar mai gidan ta ƙare ne a kan kuɗin kwana, ba ta da alaƙa da yadda baƙon ya ƙare, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin gaya wa mutumin arewa da bai san teku ba cewa igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki ko da ya iya iyo a kogi. Saboda haka magidancin Jugu ko Paraku da ya yi niyyar kai iyalinsa bakin teku zai fi samun kwanciyar hankali idan ya fara neman wani nasa a Zongon Kwatano, wanda zai je ya ga gidan da idonsa, ya san mai shi, kafin a tura ko sisi.