Jijiyar ido, magani, da ciwon da Charcot ya gano

Ni malamin tarihi ne, ba likita ba. Abin da ya ja ni cikin wannan magana wata ɗaliba ce mai shan maganin tarin fuka, wadda ta ce mini jan alli da kore sun zama ɗaya a idonta. Babanta ya karanta a waya cewa kumburin jijiyar ido mafarin ciwon nan ne da Faransawa ke kira sclérose en plaques, hankalinsa ya tashi.

Tsoronsa yana da tushe. A 1868 likitan Paris, Jean-Martin Charcot, ya bayyana wannan ciwo, inda garkuwar jiki ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta bar tabo. Wani bincike da aka soma a Amurka a 1988 ya bi sawun masu kumburin jijiyar ido har shekara 15, rabinsu suka kamu da shi.

Sai dai ba duk jijiyar da ta lalace ce ta bi wannan hanya ba. A Japan, cikin shekarun 1960, dubban mutane suka dinga makancewa, ƙafafunsu na shanyewa. Aka ɗora laifin kan ƙwayar cuta, har maƙwabta suna gudunsu. Ashe maganin zawo ne, kiliyokinol. Da aka hana shi a 1970, sababbin masu kamuwa suka kusan ƙarewa.

Alaƙa ta gaske a wani wuri ta ɓullo. A 1999 aka bayyana gwajin maganin lenasef ga masu sclérose, da fatan sauƙi, sai ciwon ya ƙara tashi. Daga baya aka ga danginsa da ake ba masu ciwon gaɓɓai sukan jawo kumburin jijiyar ido, jefi-jefi.

Etambutol da ɗalibata ke sha ba ya cikinsu. Tun farkon shekarun 1960 aka san yana iya dafe jijiyar ido: yawanci idanu biyu, babu zafi, launi ya dushe. Na sclérose kuwa galibi ido ɗaya ne, yana ciwo in an juya shi.

Na ce wa babanta kada ya tsai da magani da kansa, tarin fuka ba abin wasa ba ne. Washegari da sassafe ya kai ta likita, da kwalin maganin a hannu.